Matafiyin Da Ya Yi Shekara 14 Yana Rubuta Wa Wasu Waƙa

Duk wanda ya tashi da rediyo a kunne a wannan yanki namu ya san muryar Don Williams da Jim Reeves da Dolly Parton, ko da bai san sunan irin kiɗan nasu ba. Kiɗan kantiri ake ce masa, wato waƙoƙin mutanen karkarar Amurka, manoma da makiyaya da direbobin manyan motoci. A wannan wata ina so mu duba wani faifai ɗaya daga cikin wannan gida, faifan farko na wani mawaƙi mai suna Chris Stapleton. Sunan faifan Traveller, wato Matafiyi, ya kuma fito ran 5 ga Mayu, 2015.

An ce faifan farko, amma fa mai shi ba sabon shiga ba ne, don yana da shekara 37 lokacin da ya fito. An haife shi a 1978 a jihar Kentaki, mahaifinsa ma'aikacin haƙar kwal ne. Yaro ne mai ƙwaƙwalwa, shi ya zo na ɗaya a ajinsu da suka gama sakandare, har ya shiga jami'ar Vanderbilt karatun injiniya, ya yi shekara guda ya bari. Mu malamai ba ma son jin irin wannan labari, to amma haka ya faru. A 2001 ya tare a Nashbil, birnin da yake cibiyar wannan kiɗa, ya kama sana'ar rubuta waƙa.

A can rubuta waƙa aiki ne kamar na ofis. Kamfani zai ɗauki mutum yana biyansa, ya zauna a ɗaki da jitarsa shi da abokin aiki ɗaya ko biyu, su haɗa baiti da karin murya, sannan a kai wa manyan mawaƙa su zaɓa. Wanda ya rera shi ake gani a talabijin, shi ake yi wa tafi. Marubucin kuwa sai mai bin ƙananan rubutun bayan faifai ne zai ga sunansa. Haka Stapleton ya yi ta yi. Da hannunsa a waƙoƙin da suka kai Josh Turner da Kenny Chesney da Luke Bryan matsayi na ɗaya, George Strait ma ya rera tasa. Ya yi 'yan shekaru yana jan baki a wata ƙungiya mai suna SteelDrivers, kuma mawaƙiyar Ingila Adele ta ɗauki ɗaya daga waƙoƙinsu ta sake rerawa. 'Yan sana'a duk sun san shi, mutanen gari ba su san shi ba. A 2013 ya fitar da waƙa ɗaya da sunansa, ba ta yi nisa a rediyo ba, kamfanin ya jingine sauran aikin.

A cikin wannan shekara mahaifinsa ya rasu. Matarsa Morgane, wadda ita ma mawaƙiya ce, ta sayo masa wata tsohuwar mota ƙirar Jeep ta 1979 a jihar Arizona, suka je suka tuƙo ta zuwa gida ta cikin hamada. A kan wannan hanya ya tsara waƙar da ta ba faifan suna.

Ya nemi wani mai haɗa faifai da ake kira Dave Cobb, suka shiga wani tsohon ɗakin ɗaukar murya na kamfanin RCA, wanda saura ƙiris a rushe shi a 2014. Makaɗan suka zauna wuri ɗaya suna kiɗa tare, kamar yadda ake yi a da, matarsa tana yi masa amshi. Waƙa 14 ce a faifan, 12 daga ciki da hannunsa a rubutunsu. Muryarsa mai kauri ce da ɗan gurnani, za ka ji ta fi kusa da ta mawaƙan baƙar fata na kudancin Amurka fiye da lallausar muryar su Don Williams da muka saba. Wanda ya je neman abin da zai sa shi gyangyaɗi da rana tsaka, to ya yi ɓatan kai.

Masu sharhi a jaridu suka yaba ƙwarai. To amma yabon ɗan jarida ba ya sayar da kaya. A makon farko kimanin kwafi 27,000 aka saya, wanda a kasuwar Amurka ba abin buga ganga ba ne. Gidajen rediyon kantiri a lokacin sun fi son waƙoƙin samari masu zancen mota da shagalin ƙarshen mako, ga shi kuwa wannan ƙaton mutum mai gemu har ƙirji ya zo yana maganar mutuwar uba da nadama da kaɗaici. Ba su ba shi fili sosai ba, sannu a hankali faifan ya sulale daga jerin 200 na mujallar Billboard.

Sai daren 4 ga Nuwamba, 2015, daren bikin ba da lambobin yabo na ƙungiyar masu kiɗan kantiri. 'Yan sana'a ne ke jefa ƙuri'a a nan, wato mutanen da suka daɗe da sanin ko shi wane ne. Suka ba shi lamba 3: faifan shekara, gwanin mawaƙa maza, da kuma sabon mawaƙi. Wannan ta ukun takan ba ni dariya, mutumin da ya yi shekara 14 a gari ana kiransa baƙo! A wannan dare ya hau dandali tare da Justin Timberlake suka rera waƙa biyu, mutanen da ba su taɓa jin sunansa ba suka ji shi a talabijin. A mako guda aka sayi kwafi 153,000, faifan da ya riga ya fita daga jeri ya dawo kai tsaye a matsayi na ɗaya. A Fabrairun 2016 kuma ya karɓi lambar Grammy guda 2.

Ni abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne waƙar da ta fito da shi. Tennessee Whiskey sunanta, kuma ba shi ya rubuta ba. Dean Dillon da Linda Hargrove ne suka rubuta ta, David Allan Coe ya rera a 1981, George Jones ya sake rerawa a 1983. Mutumin da ya ƙare ƙuruciyarsa yana ɗinka wa wasu riga suna fita kunya, ranar da tasa fitar ta zo sai ga shi cikin rigar aro. Sai dai ya sake mata ɗinki: ya rage mata sauri, ya ja karin muryar har ta koma kamar wata sabuwa. A ganina wanda bai daɗe yana warware waƙa yana haɗawa ba, ba zai iya wannan ba.

Na san sunan waƙar kaɗai zai sa wasu iyaye su yamutsa fuska, kuma ba zan ɓoye ba, zancen giya ya yi yawa a faifan. Amma wanda ke jin Turanci zai lura cewa wannan waƙa labarin mutum ne da soyayyar mace ta raba shi da kwalba, wata kuma mai suna Whiskey and You kukan wanda kwalbar ta cinye ne. Duk da haka ba faifan da zan kunna wa 'yan aji uku ba ne.

Linda Hargrove dai ba ta ga wannan dare ba, ta rasu tun 2010. Dean Dillon kuwa an zaɓe shi cikin zauren girmama manyan kiɗan kantiri a 2020, a matsayin marubucin waƙa. Sai mun haɗu a wata mai zuwa.