Kada Ruwan Farko Ya Ruɗe Mu

'Yan'uwa, kusan kowace shekara abu ɗaya muke gani. Da zarar an yi ruwa mai ƙarfi sau ɗaya a ƙarshen Afrilu ko farkon Mayu, sai mu ɗauki iri mu nufi gona. Daga nan sama ta ɗauke har mako biyu, tsiro ya ƙone, mu koma kasuwar Sabon Gari sayen wani irin da kuɗin da muka ajiye domin taki.

Ruwan da ke sauka a Samaru yakan kai wajen milimita 1,000 a shekara, daga Mayu zuwa Oktoba. Wannan ya ishi kowane hatsi da muke nomawa. Abin da ke cika rumbu ko ya bar shi wayam shi ne ranakun da ruwan ya zo. Masara ba ta da haƙuri. In fari ya same ta lokacin da take fitar da gemu, ko da kwana goma ne, sai a ɓare goyo a tarar da rabinsa babu ƙwaya, kuma ruwan da zai biyo baya ba zai gyara ba. Dawa takan naɗe ganye ta jira, amma kaura da farafara suna son damshi har cikin Oktoba, don haka ɗaukewar ruwa da wuri ita ce abokiyar gabarsu. Gero kuwa cikin wata uku ya nuna.

Iyayenmu da suka ga farin 1973 da na 1984 ba su zuba dukan begensu a kan hatsi guda ba. Mu ne, tun da masara ta bazu a ƙasar Zazzau, muka mai da gona duka ta masara saboda tana kawo kuɗi. A ganinmu wannan caca ce da abincin yara. Kuma ba manomi kaɗai take ci ba. Gwauruwar da ke awon tiya a Sabon Gari, wadda ba ta da ko kunya ɗaya, ita ma tana biya.

Abin kunya, Cibiyar Binciken Aikin Gona tana nan ƙofar gidanmu tun 1922. Wasunmu ma a can suke aiki! Ta fitar da irin masara, daga cikin waɗanda ake kira SAMMAZ, mai nuna cikin kwana 90 ko ƙasa da haka. Mutane na zuwa daga nesa su nema, mu kuwa muna shuka abin da muka ɗebo daga buhun bara.

Hukumar NiMet takan faɗi hasashen damina tun farkon shekara. Mu saurara. Mu jira ruwa ya zauna, ƙasa ta jiƙa sosai, kafin masara ta shiga rami. Kowane gida kuma ya ware wa dawa da gero nasu ɓangaren gona tun kafin a yi huɗa.