Sanyin Aro

Wanda duk yake son sanin inda birnin Kano ya gaza wa talakansa, kada ya wahalar da kansa da karatun kasafin kuɗi. Ya je Titin Gidan Zoo ranar yawon sallah, ya tsaya a ƙofar katafaren rukunin kantunan Ado Bayero, ya ƙirga waɗanda suke shiga hannu rabbana, su fito hannu rabbana. Da yawansu 'ya'yan cikin ganuwa ne, daga Yakasai da Mandawari da Jakara, sun ci kwalliya sun biya kuɗin A Daidaita Sahu. Ba sayayya ce ta kai su ba. Na sha zuwa wurin tun da aka buɗe shi a 2014, abin da na gani kuwa ke nan: jama'a na tururuwa domin su ɗanɗani abin da ya kamata a ce haƙƙinsu ne a unguwanninsu.

Da zarar ka tsallake masu bincike a ƙofa, sanyin na'ura zai tarbe ka, gumin Kano ya ƙafe a goshinka. Daɓe yana sheƙi, fitilu ba sa ƙiftawa, babu ƙura, babu ƙuda, babu kwatar da za ka tattare riga ka tsallake. Tsohuwa za ta sami wurin zama, mai goyo ta sami bayan gida mai ruwa. Nan take muryar mutum take sauka, tafiyarsa ta sauya, har yaron da ya saba jefar da leda a titi ya riƙe ta yana neman kwandon shara. Sai a ce Bakano ba ya son tsafta! Ashe wurin da aka mutunta shi, shi ma yana mutunta wurin.

Akwai masu la'antar kantin, suna cewa matattara ce ta samari da 'yan mata, mai gurɓata tarbiyya. Ina tambayarsu: ina kuka tanadar wa matasan nan su zauna? Filayen wasa an yanka su filoti-filoti, kududdufai an cike su an yi shaguna, badalar da aka fara ginawa tun zamanin Sarki Gijimasu ana yasar ƙasarta ana gini a kanta. Wanda ya toshe wa ruwa hanya ba shi da bakin zargin ambaliya.

Akwai kuma masu yi wa kantin kirari, wai shi ne ci gaba, Kurmi kuwa kayan tarihi. Waɗannan sun fi ba ni takaici. Kasuwar Kurmi ta kafu tun mulkin Sarki Muhammadu Rumfa, wanda ya yi sarauta daga 1463 zuwa 1499. Da Bature Hugh Clapperton ya shigo Kano a 1824, tsarinta ya ba shi mamaki: akwai Sarkin Kasuwa mai kula da rumfuna da farashi, kuma idan fatake suka sayi riga suka tarar da aibi a cikinta bayan sun yi nisa, ana mayar da ita wurin dillali a dawo musu da kuɗinsu. Tabbacin ingancin kaya da ake yi mana burga da shi a kan rasit, kakanninmu sun yi shi da amana shekaru ɗari biyu da suka wuce.

Ciniki a Kurmi zance ne tsakanin mutum da mutum. A gaisa, a tambayi iyali, a yi tayi, a ce albarka, a ƙara, a sallama, a nemi gyara. Wanda aljihunsa ya gaza yakan tafi da kaya, ya kawo cikon wani makon. A kantin zamani farashi manne yake a jikin kaya, ba ya jin gaisuwa, bai san maraya ba. Mai kuɗi ya ɗauka, marar shi ya ɗauki hoto a waya ya koma gida da wani sabon ciwo, wato raina lungun da ya haife shi.

Kayan aro kuwa ba ya rufe katara. Shoprite, wanda sunansa ya rinjayi na wurin duka a bakin jama'a, ya rufe reshensa na Kano a watan Janairun 2024, bai cika shekara goma ba. Ban ga laifinsa ba. Riba ta kawo shi, lissafi ya tafi da shi. Kurmi ta ga mulkin Haɓe, ta ga jihadi, ta ga zuwan Turawa a 1903 da tafiyarsu, har yau masu sirdi da linzami da dukawa da masu littattafai suna buɗe rumfunansu kowace safiya.

Saboda haka ƙarata ba a kan kanti take ba, a kan masu riƙe da amanar birni take. Ana karɓar haraji a hannun 'yan kasuwa ba fashi. Ina magudanan ruwa? Ina bayan gida? Ina fitilun hasken rana, alhali rana ce abin da ba mu taɓa rasawa ba? Ina hanyar da motar kashe gobara za ta bi, bayan duk mun ga yadda wuta ta lashe Kasuwar Sabon Gari a 2016? Babu ko ɗaya cikin waɗannan da sai an ɗauko gwani daga Afirka ta Kudu.

A gyara Kurmi ba tare da an kori masu rumfuna ba. A yi mata inuwa, a share ta, a haskaka ta, a dasa itatuwa a gefen abin da ya rage na ganuwa, a sa kujeru domin tsoho da yaro. Birnin da ya koya wa Afirka ta Yamma fatauci bai kamata 'ya'yansa su riƙa biyan kuɗin mota domin su je su shaƙi iska mai tsabta a gidan wani ba.