Baƙo Makaho Ne Ko Da Idonsa: Nasiha Ga Matasan Da Ke Ƙetara Jibiya

Bismillahir Rahmanir Rahim.

Duk wanda ya taɓa tsayawa a Magamar Jibiya ya ga yadda matasa ke kwarara zuwa Ɗan Isa da Maraɗi, wani da kayan sayarwa, wani da sana'ar hannu, wani kuma da littattafansa ya nufi jami'a. Da yawansu na tafe ne da tunanin cewa tunda Hausa ake yi a can, to babu wani harshe da za su koya. Wannan tunani ya jawo wa 'yan uwa da dama asarar dukiya da zubewar mutunci.

Babu mai musun cewa Katsina da Maraɗi jini ɗaya ne. Bayan Katsina ta faɗa hannun masu jihadi a wajajen 1807, sarakunanta na da suka yi arewa, Ɗan Kasawa ya kafu a Maraɗi, shi ya sa har yau ake ce wa sarkin garin Sarkin Katsinan Maraɗi. Turawan Ingila da na Faransa ne suka zauna suka shata layi a tsakani, da yarjejeniyoyinsu na 1898 da 1904 da 1906. To amma wannan layi ya haura shekara ɗari yana aiki a cikin makarantu da ofisoshi da kotuna, har ya shiga cikin Hausar kanta.

Ɗan uwa ya fara dubawa daga lissafin kuɗi. A kasuwar Maraɗi da dala ake ƙirge, dala ɗaya kuwa sefa 5 ce. Idan mai kaya ya ce ashirin, sefa 100 yake nufi. Idan ya ce ɗari, 500 ke nan. Jika ɗaya kuma sefa 1,000. Baƙon da bai san wannan ba zai yi ciniki yana murna ya samu arha, sai an zo biya rigima ta tashi, alhali babu wanda ya cuce shi face jahilcinsa. Haka nan makarantar boko a can lakwal ce, malaminta mushe, 'yan kwastan duwan. Biro da Bakatsine ya sani abin rubutu ne, a Maraɗi kuwa ofis ake nufi.

Wannan duk mai sauƙi ne a kan abin da ke rubuce. Takardar da jandarma zai miƙo, da rasit na duwan, da yarjejeniyar hayar shago, da takardar maganin da likita zai rubuta, galibi da Faransanci suke zuwa. Ina hankalin mutumin da zai sa hannu a kan abin da bai karanta ba? Ina tsaron wanda sai da tafinta zai kare kansa gaban alƙali, bai san abin da aka ƙara ko aka rage a maganarsa ba? Wanda ya wuce zuwa Yamai zai tarar da Zabarmanci a bakin jama'a, na Agadas kuma ya tarar da harshen Buzaye.

Wani zai ce ai Faransanci harshen 'yan mulkin mallaka ne, kuma mutanen Nijar da kansu sun sallami sojojin Faransa a 2023, sannan a 2025 suka ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa. Gaskiya ne, kuma abin farin ciki ne. Sai dai dokar da ta ɗaga Hausa ita ce ta bar Faransanci da Ingilishi a matsayin harsunan aiki. Koyon harshen mutane kuma ba ya nufin sallama musu zuciya. Manzon Allah (S) ya umurci Zaidu bin Sabit da ya koyi rubutun Yahudawa domin kada wasiƙunsa su dogara da amanar wasu, Zaidu kuwa yana matashi ya ƙware cikin 'yan makonni.

Sannan zamani ya canja. An rufe wannan iyaka a 2019, ba a buɗe ta Jibiya ba sai 2022. Aka sake rufewa bayan juyin mulkin 2023, aka buɗe a watan Maris na 2024. A Janairun 2025 Nijar ta kammala ficewa daga ƙungiyar ECOWAS. Ga kuma dubun dubatar mutanen Katsina da Zamfara da Sakkwato da 'yan bindiga suka kora jihar Maraɗi tun 2019, waɗanda suka tafi da niyyar kwana biyu suka ƙare da shekaru. Duk lokacin da aka tsaurara bincike, wanda ba ya iya karanta takardarsa shi ke fara shan wahala.

Saboda haka ɗan uwan da ya ƙudurci zama a can ya fara da ƙirgen kuɗi tun kafin ya bar Magama. Ya sayi ɗan littafi ya riƙa rubuta kalma biyar kullum daga bakin maƙwabta da allunan kan hanya. Ya nemi ɗalibin lakwal su yi musaya, ya koya masa Ingilishi shi kuma ya koya masa Faransanci. Kada ya takura kansa cikin 'yan garinsu kaɗai, kuma ya kiyayi yi wa Hausar masu masaukinsa dariya, domin tasa ma cike take da kalmomin Ingilishi. Matashin da ya haddace Ahalari da Ishmawi a Islamiyya, harshen maƙwabcinsa ba zai gagare shi ba in sha Allah.

Allah Ya kare matafiya, Ya sa su dawo gida da mutuncinsu.

Wassalam.