Cin JAMB daban, samun gurbi daban

Duk shekara idan sakamakon JAMB ya fito, gidaje da dama a Jega, Aliero da Maiyama kan cika da 'yan barka. Yaro ya samu maki 200 da ɗoriya, uwa ta rangaɗa guɗa, uba ya fara lissafin buhunan albasar da zai kai kasuwa. Kafin shekara ta zagayo sai ka iske yaron a bakin tasha yana kabu-kabu. Ka tambayi dalili, a ce maka ai ba su da uwa a gindin murhu. Na daɗe ina koyarwa a sakandare a wannan yanki, kuma ban musa cewa akwai alfarma a Najeriya ba. Amma yawancin yaran da na ga sun rasa gurbi, layin waya da rubutun suna ne suka kayar da su.

Tun 2021 ba a yin rajistar JAMB sai da lambar shaidar ɗan ƙasa, wato NIN. Yaro zai tura ta ta saƙon waya zuwa 55019, a maido masa da lambar da zai yi rajista da ita. Daga ranar, wannan layi ya zama igiyar da ta ɗaure shi da hukumar. To layin na wa ne? Sau da yawa na yayansa ne da ya tafi ci-rani Legas, ko na mai shagon intanet ɗin da ya cike masa fom. Mai shagon ne ya buɗe masa imel, shi ya san lambobin sirri, yaro kuwa ya karɓi takardarsa ya hau babur ya koma ƙauye. Duk saƙon da zai biyo baya, aljihun wani zai faɗa.

Sai batun suna, wanda ya fi ba ni takaici. Mu nan sunan gari kan zama sunan mutum, kamar yadda kowa ya san Farfesa Attahiru Jega da Sanata Adamu Aliero. Hedimastan firamare ya liƙa wa yaro sunan garinsu a rajista. A WAEC an cire garin an sa sunan uba. A wajen NIN an rubuta Mohammed inda takardar makaranta ta ce Muhammadu, ko an sa Garba a gurbin Abubakar. A gida duk mutum ɗaya ne, amma kwamfuta mutum uku take gani. Ranar haihuwa kuma ba a magana: wanda ya cike fom ya kalli tsawon yaro ya yanka masa shekara. Yanzu da aka tsayar da shekara 16 a matsayin mafi ƙarancin shekarun shiga jami'a, wannan yankan ƙauna na iya jawo wa yaro zaman gida. Gyaran kuwa sai an yi ta zarya da kashe kuɗi.

A 2017 hukumar JAMB ƙarƙashin Farfesa Is-haq Oloyede ta kawo tsarin CAPS. Jami'a ta zaɓi ɗalibi, JAMB ta amince, sannan ɗalibin ya shiga shafinsa ya danna cewa ya karɓa. Ni ina goyon bayan tsarin, domin ya rage zuwan jerin sunaye daga ofisoshin manya. Wanda aka cusa ta bayan fage ma wahala ya saya, don sunansa ba zai fito a kundin JAMB ba, kuma ranar tafiya bautar ƙasa zai gane kurensa. Sai dai tsarin ya ɗauka kowane yaro na da waya mai intanet da wanda zai nuna masa hanya. Wanda ya yi rajista yana jiran sakamakon WAEC ko NECO, dole ya koma cibiyar da JAMB ta amince da ita a ɗora masa sakamakon idan ya fito. In bai yi ba, ko makinsa 280 ne jami'a ba za ta waiwaye shi ba. Na ga yaran da aka ba gurbi ya zauna yana jiransu har wa'adi ya wuce, su kuma suna gida suna jiran a kira su.

Abin haushin, ƙofa a buɗe take ga ɗan jihar Kebbi. A jami'o'in tarayya kashi 45 na gurabe na cancanta ne, 35 na jihohin da ke kewaye da jami'ar, 20 na jihohin da aka bari a baya a ilimin boko, kuma jiharmu na cikinsu. Ga Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo a Sakkwato, ga ta tarayya a Birnin Kebbi tun 2013, ga ta kimiyya da fasaha a Aliero da aka kafa a 2006. Amma kowa likitanci yake so, ko makinsa bai kai ba, babu mai ce masa ya sauya kwas tun da wuri, ko ya duba kwalejin kiwon lafiya da ke Jega.

Wanda ya tsallake duk wannan, saura kuɗin karɓar gurbi, biya ta Remita, takardar shaidar asali daga sakatariyar ƙaramar hukuma, rantsuwar shekaru a kotu, gwajin asibiti. Bashin karatu na NELFUND da aka fara a 2024 taimako ne, amma sai makaranta ta shigar da bayanan ɗalibi kafin ya nema. Kuɗin farko dai daga rumbun albasa zai fito.

Ba sabon gini nake roƙo ba. Kowace sakandare a ƙananan hukumomin nan uku ta ware malami ɗaya da zai tara takardun 'yan aji biyar, ya jera NIN da takardar haihuwa da rajistar makaranta, a daidaita suna da shekara tun kafin a biya kuɗin WAEC. Layin da za a yi rajista da shi ya zama na uba ko uwa, wanda ke kwana a gidan. Jami'ar Aliero kuma tana da ɗaliban kwamfuta da yawa. Ta tura su makarantun Maiyama da Jega lokacin da ake fitar da sunaye, su zauna da yara a buɗe shafin CAPS ɗaya bayan ɗaya, a ga wanda aka ba, ya danna a gabansu.