SHARHI: Abin da ya samu iyalai 62,000 a Sifaniya darasi ne ga masu son zuba jari a sola a ƙetare

Tun da aka saki naira ta nemi farashinta a kasuwa a watan Yunin 2023, dalar da ake saye ƙasa da naira 500 a farashin gwamnati ta haura naira 1,500 a farkon 2024. Wannan ya sa matasa da dama neman inda za su adana ɗan abin da suka tara cikin kuɗin waje. Daga cikin hanyoyin da ake tallata musu akwai manhajojin da ke tara kuɗi daga ɗaiɗaikun mutane don gina tashoshin lantarki mai aiki da hasken rana a wasu ƙasashe, bisa alƙawarin riba duk shekara.

Tallar tana da hujja. Hukumar makamashi mai sabuntuwa ta duniya, IRENA, ta ce kuɗin samar da lantarkin sola ya ragu da kusan kashi 90 cikin 100 tsakanin 2010 da 2023. Sai dai ribar mai jari ta rataya ne a kan wanda zai sayi wutar, da irin kuɗin da zai biya da su, da dokar ƙasar da tashar take.

Sifaniya ta isa misali. A 2007 gwamnatin José Luis Rodríguez Zapatero ta yi doka cewa za a sayi wutar ƙananan tashoshin sola a kan kimanin santi 44 na yuro kowane kilowat a awa ɗaya, har tsawon shekara 25. Manoma da ma'aikata da 'yan fansho suka yi tururuwa, da yawansu suka ci bashin banki, wasu har da jinginar da gidajensu. Ƙungiyar ƙananan masu samar da wutar, Anpier, ta ƙiyasta su da iyalai kusan 62,000. A 2008 kaɗai an kafa tashoshi masu ƙarfin megawat sama da 2,500, alhali burin gwamnati zuwa 2010 bai wuce 400 ba.

Daga nan tattalin arziki ya karye, giɓin da ke tsakanin kuɗin samar da wuta da abin da jama'a ke biya ya haura yuro biliyan 25. A 2010 aka taƙaita awannin da za a biya tallafi a kansu. A 2013 gwamnatin Mariano Rajoy ta soke tsarin baki ɗaya, ta maye shi da abin da ta kira riba mai ma'ana, kimanin kashi 7.4 cikin 100. Tashoshin suka ci gaba da aiki, amma kuɗin shiga ya ragu, bashin banki kuwa yana nan yadda yake.

Abin lura shi ne yadda shari'a ta kaya. Manyan kotunan Sifaniya sun goyi bayan gwamnati, don haka ƙananan masu jari suka rasa madafa. Manyan kamfanonin waje sun shigar da ƙararraki kusan 50 a kotunan sasanci na duniya, da dama sun yi nasara, amma sun shafe shekaru suna bin kuɗinsu. Idan kamfani mai rundunar lauyoyi ya sha wannan wahala, matashin da ya tura dala 500 daga Kano ba shi da inda zai kai kuka.

Haɗari na biyu shi ne na mai sayen wutar. Kamfanin Mobisol na Jamus, wanda ke sayar wa gidaje kayan sola bisa biya kaɗan-kaɗan a Tanzaniya da Ruwanda da Kenya, ya durƙushe a 2019 kafin kamfanin Engie na Faransa ya saye shi. Irin wannan kasuwanci yana cin bashi da dala ko yuro, yana karɓar kuɗi da kuɗin gida. Duk ranar da kuɗin ƙasar ya faɗi, kamar yadda sidin Ghana ya yi a 2022, bashin ya yi nauyi. Wanda ya gudu daga faɗuwar naira zai iya tarar da irinta a can.

Na uku shi ne damfara tsagwaronta. Kamfanin DC Solar na jihar Kalifoniya a Amurka ya sayar da injinan sola na tafi-da-gidanka kusan 17,000, waɗanda aƙalla rabinsu babu su. An yi awon gaba da kusan dala biliyan 1, kuma cikin waɗanda abin ya rutsa da su har da Berkshire Hathaway na Warren Buffett, da ya zuba dala miliyan 340. A 2021 aka yanke wa mai kamfanin, Jeff Carpoff, ɗaurin shekara 30. 'Yan Nijeriya da suka ga rushewar MMM a 2016 da CBEX a 2025 sun san salon.

Wannan bai sa jarin sola ya zama abin gudu ba, amma ya wajabta bincike. Mai niyya ya fara tabbatar da ko manhajar na da rajista da hukumar SEC ta Nijeriya ko takwararta a ƙasar da take. Ya san ko rance yake bayarwa ko hannun jari yake saye, da matsayinsa a layin masu bin bashi idan aikin ya rushe. Ya nemi sunan mai sayen wutar da tsawon kwangilar, da ko zai iya janye kuɗinsa kafin wa'adi.

Hukumar NDIC na ba da inshorar ajiyar bankunan kasuwanci har naira miliyan 5 ga kowane mai ajiya. Kuɗin da aka tura tashar sola a ƙetare ba ya ƙarƙashin wannan kariya, don haka kuɗin haya da na makarantar yara ba su dace da wannan hanya ba.