Ikkilisiya Ta Goya, Kasuwa Ta Ɗauke

A watan Disamba na shekarar 1957 wata waƙa mai suna You Send Me ta hau matsayi na ɗaya a jerin faya-fayen da suka fi kasuwa a ƙasar Amurka, jerin da mujallar Billboard take bugawa mako-mako. Waƙar soyayya ce, saurayi yana gaya wa budurwa yadda ta tafi da hankalinsa. Babu sunan Allah a cikinta, babu kuma batsa. Wanda ya rera ta, Sam Cooke, ɗan fasto ne, kuma 'yan watanni kafin wannan lokaci shi ne mai ba da waƙa a wata babbar ƙungiyar mawaƙan bishara. Mun ɗauko labarinsa ne domin a ganinmu tambayar da ya bari tana nan zaune a kan bencin mawaƙa na kowace majami'armu.

An haifi Sam a shekarar 1931 a garin Clarksdale ta jihar Mississippi, ya girma a birnin Chicago inda mahaifinsa, Rabaran Charles Cook, yake aikin Ubangiji. Tun yana ƙarami yake waƙa tare da 'yan'uwansa a gaban jama'ar mahaifinsu. A 1950, yana ɗan shekara 19, ƙungiyar Soul Stirrers ta ɗauke shi ya maye gurbin jagoranta R. H. Harris, mutumin da mawaƙan bishara na wancan zamani suke ɗauka kamar malaminsu. Shekara shida da wani abu ya yi tare da su, suna bin majami'u da ɗakunan taro gari-gari. Shi ne ya tsara waƙar nan ta macen da ta taɓa gezar rigar Yesu ta warke, wadda aka ɗauka a faifai a 1956. Wato duk abin da duniya ta zo ta yi sha'awa a muryarsa, yadda yake jan kalma ya lanƙwasa ta ya sauke a hankali, a gaban masu sujada ya koye shi.

To, a ƙarshen 1956 sai ya yi wani abu wanda muke so mu tsaya a kansa. Ƙungiyarsu tana da wata waƙar yabon Allah mai suna Wonderful. Sam ya ɗauki karin waƙar nan, ya cire yabon Allah ya sa yabon mace, aka kira ta Lovable, aka fitar da ita da sunan wani Dale Cook domin kada mutanen ikkilisiya su gane. Ai kuwa murya ba ta ɓuya. Kowa ya ji ya san mai ita.

You Send Me ta biyo baya a 1957. Mai kamfanin Specialty, Art Rupe, wanda yake buga faya-fayen Soul Stirrers, ya shiga ɗakin ɗaukar waƙa a Los Angeles ya tarar ana yi da masu amshi Turawa, kiɗan kuma a sanyaye. Ya fusata. Kada mu ɗauka kishin addini ne ya kama shi, shi dai ya so kiɗa mai zafi irin na Little Richard wanda ya san yana kawo kuɗi. Rigimar ta ƙare da mai shirya waƙar, Bumps Blackwell, ya kwashe abin da aka ɗauka ya tafi da Sam wani sabon ƙaramin kamfani mai suna Keen. A watan Satumba aka fitar da faifan, wannan karon da sunansa na gaskiya, ya dai ƙara harafin e a ƙarshe. An sayar da fiye da miliyan ɗaya. Ya yi mako 6 a matsayi na ɗaya a jerin waƙoƙin baƙaƙen fata, ya kuma haye na ɗaya a babban jerin ƙasa baki ɗaya. Wata Baturiya, Teresa Brewer, ta rera tata a wannan shekara, amma ba ta kamo ta Sam ba, abin da ba a saba gani ba a lokacin. Mu tuna fa a wannan watan Satumba ne sai da sojoji suka raka yara baƙaƙe tara kafin su shiga makarantar Turawa a Little Rock. A irin wannan ƙasa ne ɗan faston baƙaƙe ya shiga ɗakunan Turawa ta rediyo.

Yanzu ga ra'ayinmu. Tsakanin waƙoƙin nan biyu, ta farkon ce take da laifi. Ɗaukar abin da aka keɓe wa Allah a juya shi ga wani, sa'an nan a ɓoye suna, wannan aiki ne na mutumin da lamirinsa ya riga ya yi masa magana. You Send Me kuwa sabuwar waƙa ce, ba a kwance wa kowane bagade kaya aka yi ta ba, mai ita kuma ya tsaya a fili. Idan muka ce Kirista ba shi da izinin rera waƙar ƙauna tsakanin namiji da mace, to, sai mu bayyana wa matasanmu dalilin da Waƙar Waƙoƙi take cikin Littafi Mai Tsarki. Kafinta Kirista yana yin bencin majami'a, yana kuma yin gadon amarya, ba mu taɓa kiransa gaban dattawa ba.

Mun san abin da waɗansu za su ce: a duba ƙarshensa. Gaskiya ne ƙarshen ba shi da daɗin ji. Ranar 11 ga Disamba 1964, matar da take kula da wani ƙaramin masauki a Los Angeles ta harbe shi ya mutu yana da shekara 33. Ta ce kare kanta ta yi, masu bincike suka yarda da ita, danginsa ba su yarda ba. Ba mu wanke shi daga halin da ya kai shi wurin a wannan dare ba, shahara da kuɗi suna da tarkonsu, kuma ya faɗa cikin waɗansu. Amma masu cewa hukuncin barin waƙar bishara ne ya same shi, su koma Luka sura 13 su ga yadda Ubangijinmu ya amsa wa masu irin wannan lissafi a kan mutanen da hasumiyar Siluwam ta faɗa wa. Su kuma sani cewa da Sam ya sami kuɗi ya kafa kamfanin kansa, SAR, tsofaffin abokansa na Soul Stirrers ne ya fara ɗauka a faifai. Mutumin da ya juya wa bishara baya ɗungum ba ya yin haka.

Abin da ya fi damunmu shi ne namu gefen. Bayan Sam, wanda ya gaje shi a ƙungiyar, Johnnie Taylor, shi ma ya bi wannan hanya. Aretha Franklin, 'yar fasto a Detroit, ta bi a 1960, ko da yake ta dawo ta ɗauki faifan bishara a cikin majami'a a 1972. Ikkilisiya tana goyo, kasuwa tana ɗaukewa. A wurinmu ma haka ne. Yaro zai fara daga makarantar Lahadi, ya koyi ganga da jita da molo a kan kayan ikkilisiya, ya yi shekara goma yana zuwa koyon waƙa sau uku a mako, ko kuɗin mota ba a taɓa tambayarsa yana da shi ba. Ran da aka ji ya yi kiɗa a wurin biki aka ba shi 'yan kuɗi, a ranar ce dattawa za su tuna da sunansa, su sa shi a horo. Daga nan sai ya fara yin abin da Sam ya yi a 1956: ya canja suna, ya riƙa fita a ɓoye. Wanda yake ɓoye wa iyayensa na ruhaniya kuwa ba shi da mai ce masa kul a daren da yake bukatar a ce masa.

Ba muna cewa a mai da kowane mawaƙi ma'aikaci mai albashi ba, yawancin majami'unmu na ƙauye da kyar suke riƙe mai bishara ɗaya. Muna roƙon majalisun dattawa abu mai sauƙi. A zauna da masu kiɗa da waƙa, a gaya musu a fili iyakar da ba a ƙetarewa: waƙar sujada ba a sake mata riga, batsa da zambo da roƙon masu kuɗi ba namu ba ne. Abin da ya rage, idan sana'a ce mai tsabta, a sa musu albarka su yi da sunansu na baftisma. A shirin kuɗin shekara kuma, inda ake rubuta fenti da kwanon rufi, a buɗe layi ɗaya domin tsirkiyar jita, fatar ganga da kuɗin motar masu zuwa koyon waƙa.