Motoci Tara Da Gobara Ta Cinye

Yau Ingila za mu leƙa, mu ga yadda ake sake ƙera tsohuwar motar tsere tun daga tushe, da abin da ya sa take da ɗan karen tsada.

Kamfanin Jaguar yana da wata motar tsere mai suna D-type, wadda ta lashe gasar Le Mans ta Faransa, tseren awa 24, sau uku a jere: 1955, 1956 da 1957. Daga ragowar irin wannan mota ne kamfanin ya shirya fitar da guda 25 don hawa a titi, ya raɗa musu suna XKSS. A watan Fabrairun 1957 gobara ta tashi a masana'antarsa da ke birnin Coventry, ta cinye tara. Guda 16 kaɗai suka kai hannun masu saye.

Sai a 2016 kamfanin ya ɗauki aniyar cike gurbin waɗancan tara. Nan fa aka sha aiki. Ginshiƙin da ake lanƙwasa ƙarfen jikin motar a kai ya daɗe da ɓacewa, dole aka auna tsofaffin da suka rage da na'ura, aka haɗa da zanen asali, aka yi sabo. Jikin da hannu aka lanƙwasa shi. Injin mai silinda shida shi ma sabo aka zuba. Kowace mota ta ci aikin awa kusan 10,000. Ku lissafa: mutum ɗaya mai aikin awa takwas kullum, sai ya haura shekara uku. Shi ya sa aka sayar da kowacce a kan sama da fam miliyan ɗaya, kuma duk suka samu masu saye.

To, me aka biya? Hannun gwani da zanen da aka adana. Da takardun nan sun salwanta, ko maƙeran sun ƙare ba su koyar da kowa ba, da kuɗi bai dawo da motocin ba.

Don haka mai raina darasin zanen fasaha ko aikin ƙarfe, ya sake tunani. Sai mako mai zuwa, in Allah Ya kai mu.